An Rage Ci, An Motsa Jiki, Ƙiba Ta Ƙi Tafiya

Labarin kusan iri ɗaya ne a bakin duk wanda ya taɓa ɗaura ɗamarar rage ƙiba. Mutum ya yanke tuwon dare, ya daina zuba sukari a shayi, ya riƙa fita bayan sallar asuba yana zagaya unguwa har gumi ya jiƙa masa riga. A makonnin farko sikeli yana faranta masa rai, kilo biyu sun tafi, uku sun tafi, wando ya fara yi masa yawa a ƙugu. Daga nan sai abu ya tsaya cak. Wata na uku ya wuce, na huɗu ya bi bayansa, sikeli bai gusa ba, kuma kafin shekara ta zagayo nauyin da aka kora ya dawo, wani lokaci har da ƙari. A nan ne jama'a ke yanke hukunci. In mace ce a ce ai tana ci a ɓoye, in namiji ne a ce ragwanci ne da son jiki, kuma abin takaicin shi ne mai ƙibar kansa yakan amince da hukuncin, ya ɗauka shi ne ba shi da zuciya. Ina ganin wannan hukunci kuskure ne mai cutarwa, domin yana sa mutane su bar ƙoƙarin da ke amfanar lafiyarsu a daidai lokacin da ya fara yi musu aiki. Abin da likitoci suka gano cikin shekaru kusan 80 na bincike shi ne jikin ɗan Adam yana kare nauyin da ya saba da shi, kuma da hanya biyu yake karewa: ya rage abin da yake ƙonawa, ya ƙara wa mai shi yunwa.

Kafin a je ga hujja, ya kamata a san inda ƙarfin abinci ke tafiya. Ana auna wannan ƙarfi da kalori, kuma mafi yawansa, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, jiki yana cinye shi ne ko da mutum yana kwance bai ɗaga ko yatsa ba, wajen bugun zuciya da numfashi da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa da riƙe ɗumin jiki. Abin da motsi ke ci kaɗan ne a kan yadda ake zato. Babban mutum da ya yi tafiyar sauri ta rabin awa zai ƙona kalori wajen 150, alhali robar lemon kwalba guda mai rabin lita tana ɗauke da fiye da 200. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ajiye da kalori kusan 7,700. Saukar nan ta makon farko da ke sa mutum murna, rabo mai yawa daga cikinta ruwa ne, domin jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka haɗe da ruwa, in aka rage ci sai ya fara cinye wannan ajiya ruwan ya fita. Lissafin da ake yi wa mutane, wai ka rage kalori 500 kullum za ka sauke rabin kilo duk mako har abada, ya ɗauka cewa jiki zai zuba ido ana kwashe masa ajiya bai ce komai ba. Jiki ya fi kama da magidancin da aka zaftare wa albashi: nan take zai tsuke bakin aljihu a gida, sannan ya bazama neman inda zai cike giɓin.

An ga wannan a fili tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 da 1945, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya tara samari 36 masu ƙoshin lafiya da suka ba da kansu don a fahimci yadda za a farfaɗo da waɗanda yunwar yaƙi ta galabaitar a Turai. An rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon makonni 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari, bugun zuciyarsu ya ragu, suna jin sanyi ko da rani, hira da mafarki duk sun koma na abinci, wasunsu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Da aka sakar musu mara suka ci ba ƙaƙƙautawa, kitsen da ya dawo musu ya zarce wanda suke da shi tun farko kafin daga baya ya daidaita. Wani zai ce ai waɗannan siraran mutane ne da aka hora da yunwa, mai ƙiba kuwa yana da ajiyar da ta ishe shi. Amsar wannan ta zo ne daga wani shirin talabijin na Amurka mai suna The Biggest Loser, inda masu matsananciyar ƙiba ke gasar rage nauyi. Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka sun bi diddigin mutum 14 daga cikin 'yan gasar. A makonni 30 sun sauke kilo 58 kowannensu a matsakaicin lissafi, da tsananin motsa jiki da tsananin rage ci. Bayan shekara 6, a rahoton da aka fitar a 2016, kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori wajen 500 a rana ƙasa da abin da ake sa rai ga mai nauyi irin nasu. Mutanen nan ba a iya kiransu ragwaye, duniya ta kalle su suna atisaye har suna faɗuwa. Gaskiya ne salon gasar ya wuce gona da iri, kuma wanda ya rage kilo 5 ko 10 a hankali raguwar ƙonawarsa ba ta kai haka ba, amma alkiblar ɗaya ce.

Sai dai raguwar ƙonawa ba ita ce babbar matsalar ba, duk da ita aka fi yayatawa. Babbar matsalar yunwa ce. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a birnin New York ya gano wani sinadari da kitsen jiki ke fitarwa cikin jini, ana kiransa leptin, wanda aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Idan kitse ya ragu leptin ya ragu, ƙwaƙwalwa kuma ba ta bambance mai neman rage tumbi da wanda fari ya cinye wa gona, duk abin da take gani shi ne ajiya tana ƙarewa. Akwai wani sinadarin kuma da ciki ke fitarwa, ghrelin, mai tayar da jin yunwa. A 2011 likitoci a birnin Melbourne na Ostareliya sun sa mutum 50 masu ƙiba a tsarin abinci mai tsauri na makonni 10, waɗanda suka kai ƙarshe suka sauke fiye da kilo 13. Bayan cikar shekara guda aka sake auna jininsu, aka tarar ghrelin yana nan sama da yadda yake kafin a fara, leptin yana ƙasa, kuma su da bakinsu sun ce sun fi jin yunwa. Wani lissafi da Hall da wasu suka fitar a 2016 ya nuna girman abin: duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, sha'awar cinsa tana ƙaruwa da kalori wajen 100 a rana, yayin da ƙonawarsa ke raguwa da 20 zuwa 30 kacal. Ke nan wadda ta sauke kilo 8 tana yini da jikin da ke roƙon ƙarin abinci mai yawan kalori 800, kwatankwacin cikakken faranti, kullum, ba hutu. Wannan roƙo ba ya zuwa da sallama. Yana zuwa ne a ƙarin loma biyu da mutum bai lura ba, da ɗan abin da aka ɗanɗana a madafa, da kasa tsayawa a inda aka saba tsayawa. Duk mai azumin Ramadan ya san ɗan ƙaramin samfurin wannan: binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna masu azumi kan sauke kimanin kilo ɗaya a watan, kuma mafi yawansa yakan dawo cikin 'yan makonni bayan sallah.

To ina amfanin motsa jikin da ake ta yi? A nan ma binciken ya zo da abin da ba a zata ba. Herman Pontzer da abokansa sun je arewacin Tanzaniya wurin mutanen Hadza, waɗanda har yau wasunsu ke rayuwa da farauta da tonon saiwoyi da ɗibar zuma, suna tafiyar kilomitoci a ƙasa kowace rana. Sakamakon da suka wallafa a 2012 ya nuna in aka yi la'akari da girman jiki, jimillar kalorin da Bahadze ke ƙonawa a yini ba ta da wani bambanci da ta ma'aikacin ofis a Amurka ko Turai. Kafin wannan ma, masu bincike daga Jami'ar Loyola ta Chicago sun kwatanta matan karkara a kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen mata mazauna kewayen Chicago. Matan Amurkan sun fi nauyi nesa ba kusa ba, amma ƙarfin da ɓangarorin biyu ke ƙonawa ta hanyar motsi bai bambanta ba bayan an daidaita lissafi da girman jiki. Fassarar da Pontzer ya ba abin ita ce jiki yana rage kashewa a wasu wurare idan aka matsa masa da motsi. Masana suna jayayya kan girman wannan ramuwa, amma abin da ba a jayayya a kansa shi ne sakamakon gwaje-gwajen da aka sa mutane motsa jiki kawai ba tare da taɓa abincinsu ba: nauyin da ke sauka ɗan kaɗan ne, sau da yawa kilo biyu ko uku, ƙasa da abin da lissafi ya yi alkawari.

Akwai mai cewa duk wannan kewaye-kewaye ne, lissafi ba ya ƙarya, wanda bai rame ba yana cin fiye da abin da yake faɗa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a kauce mata ba. A 1992 likitoci a New York sun binciki wasu mutane da suka dage cewa ba sa cin abin da ya kai kalori 1,200 a rana amma ba sa ramewa. Da aka auna da na'ura, sai aka tarar ƙonawar jikinsu daidai take da ta kowa, abin da suke ci kuwa sun rage shi a baki da kashi 47 cikin ɗari, motsin da suke yi sun ƙara shi da kashi 51. Amma a lura, binciken bai nuna suna yaudarar kowa da gangan ba. Kowa yana raina abin da ya ci, har masana abinci da aka gwada su kansu an same su da wannan kuskure, illa dai nasu bai kai na sauran mutane ba. A irin cimarmu kuma lissafin ya fi wuya. Cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120, kuma wa ke ƙirga cokulan da suka shiga miya, ko man da ƙosai da masa da awara suka sha a kasko? Wadda ta bar shinkafa ta koma fura da nono tana ganin ta yi sauƙi, ba ta lissafa sukarin da aka dama da shi ba. Zoɓo da kunun aya da ake ɗauka abin sha ne na gargajiya marar illa, sau da yawa an cika su da sukari. Inda ake haɗa hannu a tire ɗaya kuwa, babu mai iya cewa ga iyakar abin da ya ci. Don haka na yarda mai ƙibar da nauyinsa ya tsaya yana cin daidai da abin da jikinsa ke ƙonawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsaya a nan kamar an gama magana. Tambayar ita ce me ya mayar da cin nasa sama bayan ya yi watanni yana riƙe da kansa, kuma amsar tana cikin waɗancan sinadarai na yunwa.

Wani kuma zai ce, in jiki ne ke kare nauyinsa kuma abin gado ne, me ya sa kakanninmu ba su yi teɓa ba? Gado yana da hannu, wannan tabbatacce ne. A wani bincike da aka yi a Denmark aka wallafa a 1986, an duba mutum 540 da aka raine su a gidajen da ba na iyayensu ba, sai nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ciyar da su ba. A Kanada kuma, Claude Bouchard ya ɗura wa tagwaye masu kama ɗaya, biyu-biyu har kashi 12, ƙarin kalori 1,000 a rana na kusan kwana 100. Abinci ɗaya, zama ɗaya, amma wani ya ƙara kilo 4 wani ya ƙara 13, kuma kowane ɗan tagwaye ya fi kusa da ɗan'uwansa a yawan abin da ya ƙara. Sai dai gado yana faɗin wanda ƙiba za ta fi saurin kamawa ne, abincin da ke kewaye da mutane shi ke buɗe mata ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma adadin manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Halittar mutane ba ta sauya cikin shekara 30 ba, kasuwa ce ta sauya. A 2019 Hall ya ajiye mutum 20 a asibiti, mako biyu ana ba su abincin masana'anta irin na leda da gwangwani, mako biyu ana ba su abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, an daidaita sukari da mai da gishirin da aka gabatar musu, an ce kowa ya ci ya ƙoshi. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana ba tare da sun ji sun fi ƙoshi ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya zangon kuma suka sauke kusan kilo ɗaya. Wanda ya dubi yadda taliyar leda da biredi da biskit da lemon kwalba suka mamaye shagunan Kano da Kaduna da Maraɗi zai gane inda muka dosa.

Akwai kuma waɗanda wani dalili na daban ke ƙara musu nauyin kaya, kuma ya kamata likita ya duba kafin a ɗora musu laifi. Raunin aikin ƙullin tayirod da ke wuya, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, yana rage ƙonawa, ko da yake yawanci 'yan kiloli kaɗan yake ƙarawa. Matan da al'adarsu ke rikicewa tare da fitowar gashi a haɓa da wahalar samun ciki suna iya kasancewa da matsalar ƙwan mahaifa da ke tafiya tare da ƙiba. Magunguna irin su prednisolone da dexamethasone, da wasu magungunan taɓin hankali da na farfaɗiya, da allurar insulin, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku a wurin wasu mata, duk suna iya ƙara nauyi, kuma ba a daina su sai da shawarar likita. Ƙarancin barci ma yana da nasa rabon: a wani ƙaramin gwaji a Chicago a 2010, masu rage ci da aka taƙaita musu barci zuwa awa biyar da rabi sun zubar da kitse ƙasa da rabin abin da suka zubar lokacin da aka ba su awa takwas da rabi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa shi ne yana iya kashe wa mutane gwiwa, su ce tunda jiki zai rama, a bar wahala. Da a ce amfanin ƙoƙarin yana kan sikeli ne kaɗai, da ƙorafin ya yi daidai, domin alƙaluman ba su da daɗi. Wani nazari na bayanan asibitocin Birtaniya a 2015 ya nuna a cikin shekara guda, namiji ɗaya cikin 210 da mace ɗaya cikin 124 masu ƙiba ne ke komawa nauyin da ake kira daidai. Amma komawa siriri ba shi ne abin da lafiya ke nema ba. A babban gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka da aka wallafa a 2002, an ɗauki mutum fiye da 3,200 da ke gab da kamuwa da cutar. Waɗanda aka nemi su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, ya fi abin da maganin metformin ya yi, wanda ya rage kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba, wato daidai wurin da yawancin mutane ke tsayawa su ce sun gaza. Ko bayan shekara 10, lokacin da yawancin nauyin ya dawo, kariyar ba ta gushe duka ba. Motsa jiki kuma yana sauke hawan jini, yana taimaka wa tsoka ta janye sukari daga jini, yana rage kitsen da ke lulluɓe hanta da hanji, ko da sikeli bai motsa ba. Waɗanda suka yi nasarar riƙe raguwar nauyinsu shekaru, kamar dubban da ke cikin wani kundi da Rena Wing da James Hill suka buɗe a Amurka a 1994, mafi yawansu suna motsa jiki kimanin awa guda a rana. Motsi ba ya sauke nauyi sosai, amma yana cikin abubuwan da ke hana shi dawowa.

Rashin sanin wannan shi ke jefa mutane hannun 'yan kasuwa. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram da TikTok yawancinsa maganin gudawa ne ko na fitsari, ruwa yake fitarwa, kitse yana nan, kuma a ƙasashe da dama an sha kama irin waɗannan kayayyaki ɗauke da sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Magungunan da suka tabbata suna aiki kuwa, irin semaglutide da ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, sun ƙara tabbatar da hujjar ne, domin abin da suke yi shi ne kwantar da yunwa a ƙwaƙwalwa. A gwajin da aka wallafa a 2021 masu allurar sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a makonni 68, waɗanda aka daina yi wa kuma sun dawo da kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke cikin shekara guda. Mutanen ba su sauya hali ba tsakanin lokacin allura da bayanta, yunwarsu ce ta sauya. Magungunan suna da tsada ƙwarai, suna da illoli, an kuma samu jabunsu a kasuwannin duniya, don haka ba abin saye a kemis ba ne ba tare da likita ba.

Abin da ya dace da wanda ya makale a wata na huɗu shi ne tsarin da ba ya faɗa da yunwa gaba da gaba, wanda zai iya rayuwa da shi shekaru. Wake da ƙwai da kifi da ganye irin zogale da rama da alayyafo suna riƙe ciki fiye da farar shinkafa da biredi, tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi fes ba ya fi jimawa a ciki, kuma barin abin sha mai zaƙi shi ne ragin da ciki bai cika lura da shi ba. A auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan, a zuba abinci a faranti na kai ko da ana zaune tare da iyali. Ma'aikatan lafiya su ma suna da gyara, domin sallamar marar lafiya da "je ki rage ci" ba magani ba ne ga matsalar da ke dawowa duk lokacin da aka saki. Kamata ya yi a auna masa hawan jini da sukari, a auna ƙugunsa a ga ko ya haura rabin tsawonsa, a tambayi magungunan da yake sha da yadda yake barci, a ba shi ranar dawowa kamar yadda ake yi wa mai hawan jini, kuma in ya sauke kilo 5 ya riƙe su shekara guda a rubuta a katinsa cewa magani yana aiki.